Neman Izinin Zama A Nijeriya: Shin Sai Da Lauya?

Duk wanda ya san Kasuwar Gamboru ta birnin Maiduguri ya san ba Barebari da Hausawa da Shuwa kaɗai ke cinta ba. Akwai mutanen Cadi da Kamaru da Nijar, waɗansunsu sun shekara talatin ko fiye a unguwar, sun yi aure, sun haifu, har sun aurar. To, amma daɗewa a gari daban, izinin zama kuma daban. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin watan Satumba na 2024, ruwa ya malale Gamboru da unguwannin da ke kewaye da ita, takardun mutane da yawa sun tafi tare da katifu da buhunan hatsi, sai tsohuwar tambayar nan ta sake tasowa a rumfuna: wanda ke son ya daidaita zamansa a wurin hukuma, ya ɗauki lauya ne, ko kuwa ya tafi da ƙafarsa?

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani babu inda doka ta ce sai da lauya. Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, Hukumar Shige da Fice ta ɗora wa aikin ba da izinin zama, kuma ƙofar ofishinta a buɗe take ga mai nema da kansa. Baƙin da suka fito daga ƙasashen ECOWAS suna da yarjejeniyar 1979 wadda ta ba su kwana 90 ba tare da biza ba, bayan nan sai su nemi katin zama. Cadi da Kamaru kuwa ba su cikin wannan ƙungiya, watau ƙa'idar da ta hau kan mutumin Kwatano ba ita ce ta hau kan mutumin Njamena ba, ko da rumfarsu ɗaya. Nijar ma ta fice daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu, 2025, tare da Mali da Burkina Faso, ko da yake a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice kafin a tsai da magana. Izinin zama na dindindin kuma, tsarin biza da Shugaba Buhari ya ƙaddamar cikin Fabrairu, 2020, ya keɓe shi ga waɗansu rukunoni, kamar masu zuba jari da waɗanda suka auri 'yan ƙasa. Yawan shekaru a kasuwa kaɗai ba ya sayen sa.

Saboda haka wanda fasfonsa bai mutu ba, ya shigo ta kan iyaka aka buga masa hatimi, sunansa da ranar haihuwarsa kuma iri ɗaya ne a kowace takarda, a ganina kuɗin lauya asara ne gare shi. Wanda ruwa ya ci wa takarda ma, rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu su ne mafarin hanya, ba kuwa sai da lauya ake yin su ba.

Amma akwai tambayar da ta riga wannan, wadda mutane ba su cika yi ba: shin mai neman nan baƙo ne ma tukuna? A nan ne Barno ke da darasin da babu jihar da ta kai ta saninsa. Ran 24 ga Janairu, 1980, jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, Shugaban Masu Rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Barno, ɗan Jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi zuwa Cadi bisa umurnin Ministan Al'amuran Cikin Gida na lokacin, Alhaji Bello Maitama Yusuf, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Hujjar da aka kafa ita ce asalin mahaifinsa. Lauyoyinsa suka kai ƙara Babbar Kotu ta Maiduguri, aka bi salsalar mahaifiyarsa, kotu ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta kuma ce a biya shi diyya. Gwamnatin Tarayya ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasarar mai da shi baƙo ba. In har mutum mai wannan muƙami sai da lauya ya tsira, ina ga mai sayar da busasshen kifi?

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 25, ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun mulkin kai, in ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Ke nan saurayin da aka haifa a Gamboru, ubansa mutumin Cadi, uwarsa 'yar Dikwa, in ya je ya cika fom na neman izinin zama, ya sa hannu da kansa a kan cewa shi baƙo ne a ƙasarsa. Zama ɗaya da lauya ya isa ya hana wannan kuskure, gyaransa kuwa yana iya cin shekaru. Sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya irin wannan dama ba, abin da ni dai har yanzu ban ga adalcinsa ba. Shi sai dai sashe na 27, wanda ya shar'anta zaman shekara 15 da shaidar halin kirki, kuma takardun sai sun bi ta Ma'aikatar Al'amuran Cikin Gida a Abuja. Wannan doguwar hanya ce, ɗan jagora na da amfani a cikinta.

Har ila yau wanda ya zarce wa'adin zamansa, ko wanda bai shiga rajistar baƙi da aka buɗe cikin Yuli, 2019 ba, ko wanda aka taɓa ƙi wa buƙatarsa, ko aka ba shi takardar barin ƙasa, kada ya kuskura ya tafi shi kaɗai. Abin da ya faɗa da bakinsa a gaban jami'i shi za a rubuta, ba kuwa a kankare shi. Tsofaffin kasuwa ba su manta da 1983 ba, shekarar da gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutane suka bar dukiyar shekaru a baya.

Abin takaici shi ne yawancin kuɗin da ake cewa an ba lauya ba hannun lauya suke shiga ba. Dillalai ne masu rataye da jaka a bakin ofisoshi, masu alkawarin kati cikin mako guda, waɗanda in takardar ta fito ta jabu mai ita za a kama, su kuwa sun sauya lambar waya. Lauya na gaskiya sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, yana manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi a takardunsa, yana da ofishin da za a same shi gobe, yana ba da rasit, yana kuma raba kuɗin aikinsa da kuɗin da za a biya gwamnati. Ba shi da ikon ba da izini, don haka ba zai rantse cewa za a bayar ba. Wanda ba shi da hali kuma, akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976 don masu ƙaramin ƙarfi, ya fara kai kukansa can ya ji ko maganarsa na cikin irin waɗanda suke karɓa.