Gidaje da rumbuna cikin kogon dutse a Mesa Verde

Masu karatu, yau mun kai ku nesa, can kudu maso yammacin jihar Kolorado ta ƙasar Amurka, wani tudu da ake ce ma Mesa Verde. Tsayinsa ya wuce mita 2000, kwazazzabai masu zurfi sun tsattsaga shi. A jikin duwatsun kwazazzaban nan akwai kogunan da mutanen da, kakannin ƙabilun Fuwebulo, suka gina gidaje wajen 600. Wanda fatauci ya taɓa kai shi ƙasar Dogon a Mali ya ga mai kama da su.

Da kaka, Satumba zuwa Oktoba, zafi ya sauka, ƙanƙara ba ta zubo ba. Ganyen itatuwa ya yi ja, barewa masu manyan kunnuwa na kiwo bakin hanya, ga talotalon daji, da dare kuma a ji kukan wani irin dila. Tafiyar dai ba ta mai ciwon gwiwa ba ce. Gidan da ake kira Balcony House, sai an hau tsani na mita 10, a kuma rarrafa cikin wata ƙaramar kafa kafin a fita.

Mafi girma shi ne Cliff Palace: ɗaki 150, da ɗakunan ibada 23 masu zagaye da aka haƙa cikin ƙasa. Amma mutum ɗari ne ko kusa da haka suka zauna ciki. To sauran ɗakunan fa? Da yawansu na ajiya ne, kuma nan ne labarin ya shafe mu.

Mutanen nan manoma ne. Masara, wake da kabewa suke shukawa a kan tudu, su sauko da amfanin gona ta ƴan ramukan da suka sassaƙa a dutse na sa hannu da ƙafa. Ku duba, da kaya a baya! Rumbunan kan kasance can sama ko can ƙuryar kogo, inda ruwa ba ya kai, a toshe ƙofar da faifan dutse. Mata na niƙa masara durƙushe bisa dutsen niƙa, har tsakuwar da ke shiga gari ta cinye haƙoran mutane, kamar yadda aka gani a ƙasusuwansu. Ruwan sha kuwa yana tsattsafowa a ƙarshen wasu kogunan. Talotalo na gida suke kiwo, su saƙa bargo da gashinsa.

Ba su san kuɗi ba, amma sun san ciniki. Ta hanyar musaya suka samu auduga daga kudu, da shuɗin dutse na ado, da katantanwar teku, alhali tsakaninsu da teku tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, ba doki ba jaki. A kwarin Cako, kudu da su, an tono ƙasusuwan jan aku da ƙararrawar jan ƙarfe daga ƙasar da yau take Meksiko. A 2009 ma masu bincike sun gano burbushin kakawo, wanda ake cakulan da shi, cikin wasu tukwane na can.

Sun yi shekara wajen 600 a kan tudu kafin su shige koguna wajen 1190. Zaman kogon bai wuce shekara ɗari ba sosai. Itace kan ƙara zobe ɗaya a cikinsa kowace shekara, mai kauri in damina ta yi kyau, siriri in ta ƙi. Azarar gidajen ta nuna an yi fari daga 1276 zuwa 1299. Shekara 23! Wane rumbu ne zai riƙe iyali haka? Ga jama'a ta yi yawa, naman daji ya ragu, an kuma ga alamun faɗa a wasu garuruwan yankin. Kafin 1300 kowa ya tashi.

An daɗe ana cewa wai sun ɓace. A ganinmu wannan magana ba ta da kan gado: kudu suka ƙaura, jikokinsu na nan, su Hofi da Zuni da Akoma, suna zuwa ziyarar gidajen kakanninsu.

A Disamba 1888 wasu makiyaya biyu, Richard Wetherill da Charlie Mason, suna neman shanunsu suka hango Cliff Palace. Daga nan aka shiga kwasar tukwane da ƙasusuwa ana sayarwa. A 1891 wani Bature ɗan Suwidin, Gustaf Nordenskiöld, ya tafi da kaya masu yawa, suka ƙare a gidan tarihi na Finlan. Gwamnati ta killace wurin a 1906, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1978. Sai a 2020 Finlan ta maido da ƙasusuwan mutum 20, jikokinsu suka sake binne su a Mesa Verde.