Ruffian, Goɗiyar Da Ba A Taɓa Wucewa Ba

A cikin dawakin sukuwa na ƙasar Amurka, da wuya a sami wadda ake ambato da alhini kamar wata goɗiya mai suna Ruffian. An haife ta ran 17 ga watan Afrilu, 1972, a gandun Claiborne da ke Jihar Kentucky. Doguwa ce, launinta ya kusa zama baƙi, ga faɗin ƙirji kamar na ingarma. Stuart Janney da maiɗakinsa Barbara su ke da ita, suka damƙa ta a hannun Frank Whiteley ya hore ta.

Ranar da aka fara fito da ita, a filin Belmont na New York cikin watan Mayu, 1974, ta ba ta biyu ratar tsawon doki 15. Tun daga nan ba ta san ƙurar wani doki ba. Sau 10 ta yi tsere da 'yan'uwanta goɗiyoyi, sau 10 ta ci, kuma ita ce a gaba tun daga tashi har ƙarshe. A 1975 ta haɗa manyan kofuna uku na goɗiyoyi a New York.

Sai mutane suka fara cewa ai mata kawai take ci, a gwada ta da namiji. Aka shirya karo tsakaninta da Foolish Pleasure, dokin da ya ci Kentucky Derby a shekarar, su biyu tak. Abin mamaki, mahayinsu ɗaya ne, watau Jacinto Vasquez. Da aka ce ya zaɓa, ya zaɓi goɗiyar.

Ran 6 ga watan Yuli, 1975, mutum fiye da 50,000 suka cika Belmont, miliyoyi kuma na kallo a talabijin. Aka sake su. Ba su kai rabin mil ba, Ruffian ta ɗan tsere masa, sai ƙasusuwa biyu na idon sawunta na gaba na dama suka karye. Vasquez ya ja linzami iya ƙarfinsa, ita kuwa ta ƙi tsayawa, ta ci gaba da gudu a kan karayar har ƙafar ta dagargaje.

Likitoci suka kwana a kanta, suka yi mata aiki, suka ɗaure ƙafar. Amma duk wanda ya san doki ya san ba ya jure kwanciya. Tana farfaɗowa daga allurar barci sai ta shiga harba ƙafafu kamar har yanzu tana cikin fili, ta fasa ɗaurin, ta ƙara jin wani rauni. Kafin gari ya waye, ran 7 ga wata, aka yi mata allurar mutuwa. Shekarunta 3.

An binne ta a tsakiyar filin Belmont, kanta na fuskantar layin ƙarshe. A 2023 aka tono ƙasusuwanta aka mayar da su gandun Claiborne inda aka haife ta.