Noman Ganyen Maganin Maleriya

Duk wanda ya sayi Coartem a kemis, ganye ya saya, sai dai ganyen ya bi ta hannaye da yawa. Asalinsa wani tsiro ne ɗan uwan tazargade, Atemisiya, da ƙananan manoma ke nomawa a Sin, Biyetnam, Madagaska da Gabashin Afirka. A jikinsa Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin a 1972, aikin da ya jawo mata kyautar Nobel a 2015.

Wahalar tun daga iri take farawa. Ƙwayoyinsa kamar ƙura suke, giram ɗaya ya haura dubu goma. Sai a cakuɗa shi da yashi, a barbaɗa a kan fangali, a riƙa yayyafa ruwa a hankali kada ya tafi da shi. In ya yi ƙwari a yi dashe, a bi da cirar ciyawa, har ya girma ya fi mutum tsawo.

Gwanintar manomi a lokacin yanka take. Ganyen ya fi ƙarfi dab da fitar fure; wanda ya yi gaggawa ko ya yi sake, shi zai gani a jikin kuɗinsa. A yanke, a shanya, a buge da sanda ganye ya kakkaɓe, a tankaɗe, a ɗura a buhu. Ruwa ya taɓa shanya, ya yi funfuna, shi ke nan. A Madagaska kamfanin Bionexx kan ba manoma iri, ya dawo ya auna busasshen ganye a sikeli ya biya. Tan guda kuwa abin da masana'anta ke tatsa a cikinsa bai wuce kimanin kilo 10 ba.

Kasuwar ce ba ta da amana. A 2005 kilon atemisinin ya haura dala 1,000, kowa ya ruga gona. Zuwa 2007 ya faɗo kusan dala 200, da yawa suka koma masara da shinkafa. A 2013 kuma kamfanin Sanofi ya fara samar da sinadarin ta amfani da yis a masana'anta, amma bai iya korar manomi ba, don na gona ya fi araha.

Jiƙa ganyen a sha kamar shayi fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a'a: ƙarfinsa ba shi da ma'auni, kuma ƙwayar cutar na iya sabawa da shi.