FASHIN BAƘI: Madubin saitin bindiga, tsakanin tsabtar gilashi da amfanin fagen daga

A watan Janairun 2022 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta zaɓi kamfanin Vortex Optics ya ƙera mata madubin saitin bindiga mai suna XM157. Yarjejeniyar ta ba da damar sayen har guda 250,000 cikin shekara goma, a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala biliyan 2.7. Bayan shekara uku, ofishin da ke gwada makamai a ma'aikatar tsaron ƙasar ya bayyana a rahotonsa na shekara cewa sojojin da suka riƙe madubin sun ba shi maki ƙasa da matsakaici wajen sauƙin amfani. Rahoton ya ƙara da cewa da wuya bindigar da ke ɗauke da shi ta kammala aikin sa'a 72 ba tare da babbar matsala ba.

Wannan ya farfaɗo da tsohuwar muhawara: me ya fi wa soja amfani, gilashin da ya fi kowanne tsabta, ko madubin da zai jure wahalar fage? Amsar ta shafi rayuka, ta kuma shafi kuɗin jama'a.

Mene ne wannan madubi?

Nau'in da ake magana a kansa shi ne wanda ake taƙaita sunansa da LPVO. Madubi ne mai zobe a gindinsa. Idan zoben na kan lamba 1, mai riƙe da bindiga na ganin abu kamar yadda idonsa ke gani, yana ma iya barin idanunsa biyu a buɗe. Idan ya murɗa zoben zuwa 6, 8 ko 10, abin da yake kallo zai matso da wannan ninki. A ninki 8, mutumin da ke tsaye a nisan mita 400 zai bayyana kamar yana mita 50.

Lambobin da ake rubutawa a jikinsa na bayyana wannan. Idan an ga 1-8x24, ana nufin yana kusantowa daga ninki 1 zuwa 8, kuma faɗin gilashinsa na gaba milimita 24 ne.

Kafin yaɗuwarsa, sojoji na zaɓa ne tsakanin abu biyu. Akwai madubin jan ɗigo, wanda ba ya kusanto da komai amma yana da sauri a faɗan lungu da cikin ɗaki. Akwai kuma irin su ACOG na kamfanin Trijicon, wanda ya fito a 1987, mai ninki 4 da ba ya canzawa. ACOG ya yi suna saboda ƙarko, kuma ba ya neman batir: da rana hasken gari ke haska alamar saitinsa, da dare kuma sinadarin tiritiyum.

Yaƙin Afganistan ya nuna gibin da ke tsakani. A 2009 wani hafsan sojin Amurka, Manjo Thomas Ehrhart, ya rubuta nazarin da ya ce kusan rabin artabun da ake yi a can na faruwa ne a nisan da ya wuce mita 300. Sojan da ya kutsa cikin gida da safe na iya fuskantar harbi daga kan tsauni da yamma, kuma madubi ɗaya ke kan bindigarsa. A 2018 rundunar ayyuka na musamman ta Amurka ta ɗauki ATACR 1-8x24 na kamfanin Nightforce. Sojin ƙasa suka ɗauki TANGO6T 1-6x24 na Sig Sauer. A Fabrairun 2020 kuma rundunar sojin ƙundumbala, wato Marines, ta ƙulla kwangilar dala miliyan 64 da Trijicon don maye gurbin ACOG da VCOG 1-8x28.

Abin da ake saya idan an sayi gilashi mai tsada

Duk fuskar gilashin da ba a yi wa shafi ba na mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. A madubin da ke da gilasai goma akwai fuska ashirin, kuma da lissafi fiye da rabin hasken zai salwanta kafin ya isa ido. Maganin shi ne wani siririn shafi da masani Alexander Smakula ya ƙirƙiro a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Manyan kamfanoni a yau na jera irin wannan shafi hawa-hawa a kowace fuska, har asarar ta koma 'yar kaɗan.

Matsala ta biyu ita ce warwatsuwar launi. Gilashi na tanƙwasa kowane launin haske daban, shi ya sa a madubi mai arha ake ganin wani shuɗi-shuɗi ko ɗorawa-ɗorawa a gefen abin da ake kallo. Gilashi na musamman, irin wanda masana'antu kamar Schott na Jamus ke narkawa, na rage wannan. Daga nan ne farashi ke rabuwa: akwai madubin 'yan ɗaruruwan daloli, akwai wanda ya haura dala 2,500.

Da tsakar rana, a nisan mita 100, da wuya ido ya bambance su. Bambancin na fitowa ne da asuba, da almuru, da kuma lokacin da abin da ake kallo ke cikin inuwar bishiya. A irin wannan lokaci ne ake buƙatar sanin ko abin da ke kafaɗar mutum bindiga ce ko fartanya. Masu kare tsadar gilashi na dogara da wannan hujja, kuma hujja ce mai nauyi. Soja ya fi amfani da madubinsa wajen dubawa fiye da harbi.

Iyakar da kuɗi ba ya ketarewa

Sai dai akwai dokar kimiyya da ba ta san farashi ba. Faɗin hasken da ke fitowa daga madubi zuwa ido shi ne faɗin gilashin gaba a raba da ninkin kusantowa. Gilashi mai milimita 24 a ninki 6 na fitar da haske mai faɗin milimita 4. A ninki 8 ya koma 3, a ninki 10 kuma 2.4. Ƙofar ƙwayar idon matashi kan buɗe har kusan milimita 7 a cikin duhu. Ke nan da zarar an murɗa zoben zuwa ƙarshe da magariba, hoton zai dusashe ko wane kamfani ne ya ƙera madubin.

Ƙanƙancewar hasken na jawo wata wahalar. Dole ido ya zauna daidai bayan madubin, in ya ɗan goce sai hoton ya yi baƙi. A filin atisaye wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya sha gudu, yana haki, yana leƙe daga bayan katanga, daƙiƙa ɗaya ta neman hoto na iya zama ajali. Filin da ake gani ma na tsukewa: daga faɗin kimanin mita 35 a ninki 1 zuwa ƙasa da mita 5 a ninki 8, a nisan mita 100. Mai kallon mutum ɗaya da kyau ba ya ganin wanda ke gefensa.

Sannan ga nauyi. VCOG 1-8x28 ya kusan kai giram 900, wato kusan ninki biyu na ACOG ɗin da ya gada, kuma alamar saitinsa na buƙatar batir kafin ta haska. XM157 ya ƙara da na'urar auna nisa, da ƙaramar kwamfutar lissafin tafiyar harsashi, da ma'aunin yanayi. Kowane ƙari wata kafa ce ta lalacewa.

Akwai kuma zaɓin wurin da aka zana alamar saiti. A wasu madubai alamar na girma tare da hoton, don haka ma'aunin nisan da ke jikinta na nan daidai a kowane ninki, amma a ninki 1 takan ƙanƙance har ta yi wuyar gani. A wasu kuma girmanta ba ya canzawa, tana fitowa sarai a faɗan kusa, sai dai ma'auninta na aiki ne a ninki ɗaya tak, galibi na ƙarshe. Kowanne da ribarsa da hasararsa.

Darasin EOTech

Abin da ya fi tsabtar gilashi muhimmanci shi ne madubi ya riƙe saitinsa: inda alama ta nuna, nan harsashi zai sauka, bayan girgizar dubban harbi da jijjigar mota da zafin rana. A Nuwamban 2015 kamfanin L-3 Communications, mamallakin EOTech a lokacin, ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6. Ƙarar ta ce ya ci gaba da sayar wa sojoji madubai alhali ya san saitinsu na gocewa a tsananin zafi ko sanyi. Madubin EOTech ba LPVO ba ne, amma darasin ɗaya ne. Hoto na iya fitowa tangaran, harsashi kuma ya tafi wani wuri.

Ina ruwan Najeriya?

Bindigar da aka fi gani a hannun dakarun Najeriya ita ce dangin AK, mai harsashi 7.62x39, wadda amfaninta na gaske ke raguwa bayan kimanin mita 300. Tsofaffin samfurinta ba su da layin ɗaura madubi a sama, saɓanin irin Beryl ta ƙasar Foland da rundunar sojin ƙasa ta saya. Ɗora madubin dala 2,500 a kan bindigar da ba ta da mazaunin da zai riƙe shi da ƙarfi, zuba ruwa ne a rariya.

Yanayi ma na da ta cewa. Hazon hunturu a Borno ko Zamfara na rufe nesa, kawalwalniyar bazara na sa hoto rawa, kuma ƙara ninki na ƙara girman rawar ne kawai. Ƙura na cin shafin gilashi idan ana goge shi da gefen riga. Madubin da ya yi fice a wurin gwaji a Turai sai an sake gwada shi a nan.

Duk da haka, buƙatar tantancewa kafin harbi ba baƙuwa ba ce ga 'yan Arewa. A ranar 3 ga Disamban 2023 jirgin soji marar matuƙi ya kai hari kan masu Maulidi a Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna, inda hukumar NEMA ta ce aƙalla mutum 85 sun rasu. Ba bindiga aka yi amfani da ita ba, amma tushen masifar shi ne rashin gane waɗanda ake kallo. Kayan gani masu kyau na rage irin wannan kuskure ne kawai idan an haɗa su da horo da ƙa'idar buɗe wuta.

Babban bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu shi ne na bayani. An san matsalar XM157 ne saboda doka ta tilasta a gwada makamai a kuma miƙa wa majalisar dokokin Amurka rahoto duk shekara. An san ta EOTech saboda gwamnati ta kai kamfanin kotu. A Najeriya, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, kamar yadda aka fara zartar da ita, ta keɓe kayan tsaro daga tanade-tanadenta sai da amincewar shugaban ƙasa. A cikin wannan duhu ne badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai ta ɓullo a 2015, lokacin da sojoji a Arewa maso Gabas ke kukan ƙarancin kayan aiki.

Kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya na da hurumin yin tambayoyi, kuma tambayoyin ba sa buƙatar tona asirin yaƙi. Wane ne ya gwada kayan kafin a biya, a wane yanayi? Nawa aka sayi kowane ɗaya, nawa ake sayar da shi a kasuwa? Wa zai gyara idan ya lalace, daga ina batir zai riƙa zuwa, kuma harsashi nawa aka ware wa kowane soja don ya saba da shi? Kasafin tsaro na ƙaruwa shekara bayan shekara, kuma sojan da ke Sambisa da manomin da ke gonarsa a Birnin Gwari su ne za su ɗanɗana sakamakon amsoshin.