Les Impatientes da Mai Karatun da Ya Riga Ya San Labarin

Tun da littafin Djaïli Amadou Amal, Les Impatientes, ya shiga cikin huɗun ƙarshe na gasar Goncourt a 2020, ya kuma cinye kyautar da ɗaliban lise na Faransa ke bayarwa, akwai ƙorafin da yakan biyo bayansa a bakin masu karatu na yankinmu. Mutum ya nemo littafin da ƙyar, ya karanta, ya rufe, ya ce: shi ke nan? An raba Ramla da saurayinta an ba wani Alhaji, an haɗa Hindou da ɗan uwanta mashayi mai duka, uwargida Safira tana bin malamai don ta kori amarya, iyaye kuma na ta cewa a yi haƙuri. Ai wannan a kowace unguwa ta Agadez za a ba ka irinsa kyauta. Daga nan sai hukunci ya rabu biyu: ko alƙalan ba su san adabi ba, ko marubuciyar ta sayar wa Turawa asirin gida. Duka biyun sun taso ne daga zato guda, wai shigar littafi jerin gasa shaida ce cewa zai burge duk wanda ya buɗe shi.

Gasa ba ta taɓa yin wannan alkawari ba. Alƙalan Goncourt mutum goma ne, suna zama a wani gidan abinci a Paris, kuɗin kyautar kuma yuro 10 ne, wato jaka shida da rabi ta sefa. Darajarta tana cikin kwafin da ake saye bayan sanarwa, masu sayen kuwa galibi Faransawa ne. Abin da waɗannan mutane ke aunawa shi ne abin da ya zo wa kunnensu sabo. Kantun gishiri abin tsayawa a duba ne a kasuwar kudu, amma wanda ya ɗauke shi ya kai Bilma ba zai samu mai waiwaye ba, kuma hakan bai rage wa gishirin komai ba. Ga ɗalibar lise a Lyon, cikin gidan attajirin Maroua mai mata da yawa duniya ce da ba ta taɓa leƙawa ba, kowane shafi labari ne. Mu da muka tashi a irin gidan ba ma buƙatar a gaya mana yadda ake rabon kwana. Muna son a nuna mana abin da muka daɗe muna gani ba mu lura ba, wannan kuwa aiki ne mafi wuya, kuma ba shi aka ba alƙalan su duba ba.

Akwai ma dalili na biyu da masu ƙorafin ba su cika ambata ba, ko da yake shi ne ƙashin bayan ƙorafin nasu. Mai karatun Hausa ya riga ya ƙoshi da wannan jigo tun shekaru talatin kafin Paris ta ji labarinsa. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo a 1990. A cikin na ƙarshen, Rabi da mijinta ya kora da ƴaƴa tara ba zama ta yi tana kuka ba, sana'ar abinci ta kama ta riƙe gidanta, har duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya. Wanda ya saba da mata irin Rabi, masu baki da dabara da ban dariya, dole ya ji matan Amal kamar an matse su cikin azaba ɗaya daga farko har ƙarshe. A nan ina ganin ƙorafin yana da gaskiya: mazan littafin kusan fuska ɗaya gare su, kuma gidan da babu raha ko kaɗan a cikinsa bai cika kama da gidajen da muka sani ba, har da munanan cikinsu.

Sai dai zargin sayar da asiri bai tsaya da ƙafarsa ba. Littafin ya fara fitowa ne a Yaoundé a 2017 da sunan Munyal, les larmes de la patience, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019, kafin kamfanin Emmanuelle Collas ya sake fitar da shi a Faransa. Ƴan ƙasarta Amal ta fara yi wa magana. Ita kanta an aurar da ita tana da shekara 17, kamar yadda aka cire Balaraba daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Kuma a Nijar, ƙasar da take sahun gaba a duniya wajen aurar da yara mata kafin shekara 18, cewa labarin ya zama tsohon zance ba ya nufin an gama da shi.

Wani zai ce to a watsar da gasa baki ɗaya. Tarihinmu bai yarda ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ce ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ta kamfanin buga littattafai na NNPC a 1978 kuma ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Amma ko waɗannan buƙatar mai shiryawa suka biya: East littattafan karatu yake nema wa makarantun boko, ya kuma samu. Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, gajeren labarin da za a iya karantawa a rediyo take so. Kowace gasa da ma'auninta, mai karatu kuma yana da haƙƙin sanin na wa ne kafin ya fitar da kuɗinsa.

Abin da ya fi cancantar ɓacin rai yana gida. A 2025 hukumomi sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma takardar doka ba ta buga littafi, ba ta cika kantar ɗakin karatu, ba ta biyan alƙalan da suka san bambancin labarin kishiya mai rai da wanda aka maimaita. Alhaki Kwikwiyo sai da ya shekara 22 kafin a fassara shi zuwa Turanci, kuma kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin a 2012, Blaft, a birnin Chennai na Indiya yake.