Birnin hayaƙi da ya fi mutanensa rai: leƙen littafin Perdido Street Station

A birnin New Crobuzon, wanda aka kama da laifi ba ya tsira da zaman kurkuku kawai. Alƙali na iya yanke hukuncin a kai shi masana'antar horo, a cire masa ƙafafu a maye su da injin tururi, ko a dasa masa wata gaɓar dabba a jiki. Daga ranar ya zama abin ƙyama, sai aikin wahala har mutuwa.

Wannan birni babu shi a taswira. Marubucin Ingila China Miéville ne ya ƙirƙire shi a littafinsa Perdido Street Station, wanda ya fito a 2000, ya kuma lashe kyautar Arthur C. Clarke a 2001. An fassara shi zuwa Faransanci a 2003, a juzu'i biyu, abin da ya sauƙaƙa wa masu karatu da wannan harshe. Shekaru sama da 20 ke nan, amma muhawara ɗaya ba ta ƙare ba tsakanin masu karatunsa: me ya sa birnin ke zama a zuciya, mutanen cikinsa kuma su gushe?

Salon injin tururi

Littafin yana da kusanci da salon da Turawa ke kira steampunk, sunan da marubuci K. W. Jeter na Amurka ya raɗa a 1987. Labarai ne da ke ɗaukar zamanin gawayi, jirgin ƙasa da injin tururi na ƙarni na 19, su gina wata duniya a kansa. Miéville ya ƙara tsafi da tsoro. A birninsa koguna biyu masu dauɗa ne ke haɗuwa, layukan dogo duk suna ƙarewa a wata ƙatuwar tasha wadda littafin ya ɗauki sunanta, ƴan sandan ciki kuma suna yawo ba a san fuskarsu ba.

Mazauna birnin ma iri-iri ne. Akwai mata masu jikin mutum amma kansu buzuzu ne, akwai mutanen ruwa masu dako a tashar jiragen ruwa, akwai masu jikin ƙaya da ke zaune cikin wani gidan gilashi. Kowace unguwa da sana'arta da talaucinta. Lokacin da ƴan dakon suka shiga yajin aiki, gwamnati da bindiga ta amsa musu. Ba abin mamaki ba ne, domin marubucin ɗan gurguzu ne, ya ma tsaya takarar majalisar Birtaniya a 2001.

Labarin kansa

Isaac, wani masanin kimiyya da ya yi hannun riga da jami'a, ya karɓi baƙo mai suna Yagharek, mutum-tsuntsu daga hamada wanda danginsa suka yanke wa fukafukai. Buƙatarsa ɗaya ce: ya sake tashi sama. Garin bincike, Isaac ya yi kiwon wata tsutsa da bai san asalinta ba. Ta rikiɗe ta zama dodo mai shan tunanin mutane, ya bar su da rai amma babu hankali. Daga nan barci ya ƙaurace wa birnin.

Inda gizo ke saƙar

A nan ne ƙorafi yake. Littafin ya haura shafi 600, amma mai karatu zai fi sanin warin lungu da ƙarar inji fiye da abin da ke ran Isaac. Da farauta ta kankama, yawancin mutanen sun koma masu gudu da harbi. Lin, budurwar Isaac, mai sassaƙa ce da aka fara ginawa da kyau, sai aka ajiye ta a hannun wani uban ƴan daba tsawon babi da yawa, ta dawo a matsayin wadda aka zalunta kawai. Derkhan, ƴar jaridar da ke aiki a ɓoye, ba ta samu filin da ya dace da ita ba.

Sai dai ƙarshen littafin ya rage kaifin wannan suka. Isaac ya gano laifin da ya jawo wa Yagharek hukunci: fyaɗe ya yi wa wata ƴar ƙabilarsu, ita da kanta kuma ta zo ta roƙi kada a mayar masa da fukafukan. Yagharek ya riga ya sa ransa a haɗari domin birnin. Shin a cika masa alkawari, ko a girmama maganar wadda ya cuta? Isaac ya tattara kayansa ya tafi. A waɗannan shafuka kaɗan ne mutanen suka kai nauyin birninsu.

Miéville ya koma wannan duniya a The Scar a 2002 da Iron Council a 2004. Ga matasan da ke gwada rubuta irin waɗannan labarai, darasin a fili yake: gina gari da unguwanninsa aiki ne babba, amma mai karatu yana neman wanda zai damu da shi a ciki.