Maganin Yunwa da Ƙishirwa a Ƙasar Haɗeja Yana Cikin Kogi

Idan Agusta ya raba, Satumba ya kama, kunnuwan mutanen Jigawa sukan koma gabas, domin an san labarin da ke iya fitowa daga ƙasar Haɗeja. Ruwa ya haura jinga, ya shanye gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, gidajen ƙasa sun jiƙe sun zube, iyalai sun tare a azuzuwan makarantun firamare. An ga haka a 2012 da 2018 da 2020, aka kuma gani a 2022, shekarar da Jigawa ta shiga sahun jihohin da ambaliya ta fi yi wa ɓarna a Najeriya. Bayan ruwa sai motocin agaji su biyo: shinkafa da masara, tabarmi da barguna, gidan sauro, kwanon rufi da siminti, daga hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) da ta jiha da ƙungiyoyin jinƙai da attajirai. Babu mai hankalin da zai raina wannan taimako. Sai dai ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu yadda aka yi ƙasar da shinkafarta da busasshen kifinta ke kaiwa kasuwanni masu nisa ta zama mai jiran buhu kusan kowace damina. Ni a ganina amsar ita ce masu agaji sun raba matsala ɗaya gida uku. Wannan yana haƙa rijiya, wancan yana raba iri da taki, wani kuma yana miƙa wa tsofaffi ɗan abin batarwa, alhali ruwan sha da abinci da rufin asirin tsoho a wannan yanki duk suna rataye ne da yadda Kogin Haɗeja ke tafiya.

Kafin a gina madatsun ruwa, kogin yana da lokacinsa. Kogin Kano da na Challawa su haɗu su gangaro, idan sun iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke kewaye da Haɗeja sai ruwan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi, ya bazu a fadamu, ya kwanta na wasu watanni, sannan ya janye. A kan wannan zuwa da komawar jama'a suka gina rayuwarsu. Manomi ya shuka shinkafa ta tashi tare da ruwa; da ruwan ya janye ya bi danshi da wake da rogo da kayan lambu. Masunci ya samu kifin da ya hayayyafa cikin ciyayin da ruwa ya rufe. Bafulatani ya iso da rani ya tarar da ɗanyar ciyawa bayan an kwashe amfani. Ruwan da ya kwanta kuma yana tsiyaya cikin ƙasa, shi ne ke cika rijiyoyin ƙauyukan da ko bakin kogi ba sa gani. Ambaliya a wancan zamani arziki ce da ake jira, kuma an san iyakarta.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga, a 1992 aka kammala ta Challawa, su biyun kuma suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. An gina su ne don noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, da shayar da birnin Kano, daga baya aka ƙara aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke rufewa a dausayin Haɗeja da Nguru ya ragu daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya dawo tsakanin 70,000 da 100,000 daga baya, ko da yake farin shekarun 1970 da 1980 ma yana da hannu a ciki. Amma canjin da ya fi cutarwa shi ne na lokaci. Kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma yana gudana shekara duka saboda ruwan da ake saki daga madatsu, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Tana tsirowa cikin ruwa marar zurfi, ta fi mutum tsayi, saiwarta ta sarƙe a ƙasa, ta tare laka da yashi har hanyar ruwa ta cike. Masu sare ta sukan shiga ruwa har ƙirji da lauje, su yanke ta daga ƙarƙashin ruwa don kada ta yi saurin tofowa, ga sauro ga matsattsaku, bayan wasu watanni kuma ta dawo idan ba a bi ta ba. Da hanyoyi irin su Burum Gana da tsohon kogin Haɗeja suka toshe, sai yawancin ruwa ya karkata zuwa hanyar Marma da tafkin Nguru. Wasu garuruwa gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma suka bushe, ruwan da ke isa Gashuwa daga ɓangaren Haɗeja ya ragu ƙwarai. Idan kuma aka yi damina mai ƙarfi, ruwan ba shi da buɗaɗɗiyar hanyar wucewa, sai ya haura cikin gari.

Da wannan a zuciya, a duba ayyukan samar da ruwan sha. Rijiyar burtsatse ita ce aikin da masu agaji suka fi so, domin ana gama ta cikin kwanaki, a kafa allo, a ɗauki hoto. Tana da amfani sosai, musamman ga mata da yara da take rage wa tafiya. Amma rijiya ba ta ƙirƙirar ruwa, ɗebo wanda ke ƙasa take yi, kuma binciken da Gayatri Acharya da Edward Barbier suka yi a wannan dausayi ya nuna cewa ambaliyar kogi na da babban rabo wajen cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da gidaje da masu noman rani ke dogaro da shi. Inda fadama ta daina jiƙewa, ruwa yana ƙara nisa. Inda kuma ruwa ya yi yawa, matsalar ta juya: ambaliya ta shiga masai, ta kwaso ƙazanta ta zuba cikin rijiyoyin da ba a ɗaga bakinsu ba, amai da gudawa su biyo baya. Jigawa ta ɗanɗana wannan annoba da zafi a 2021. Sannan ga maganar gyara. Famfon tuƙa-tuƙa yakan tsaya ne saboda wata 'yar roba ko sanda da ta lalace, na sola kuma saboda faranti ɗaya da ya fashe ko aka sace, sai ka ga tanki a sama babu ɗigo, yara sun koma kududdufi da jarkoki, inda tsargiya ke jiran su. Ƙungiyar da ta haƙa rijiya goma ba ta koya wa kowa gyara ba, ba ta bar kwamiti da ɗan asusun kayan gyara ba, wadda ta haƙa biyar a tudu ta ɗaga dandamalinsu ta horar da makaniki a garin ta fi ta aiki.

Haka abin yake a fannin abinci. Shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin gona, ya canza noman rani a Arewa. A ƙarshen 2023 ma a yankin Haɗeja gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama na rani. Iri mai kyau da taki mai rangwame alheri ne, amma manomin da gonarsa ke ƙarƙashin kacalla ba shi da inda zai zuba su. Wanda ya samu ya shuka kuma yana fama da jan-baki, tsuntsun da ke kwana yana hayayyafa cikin kacallar nan, ya sauka kan shinkafa da gero kamar hadari, har yara su bar makaranta su wuni suna kora. Kacalla ta cinye wuraren kamun kifi, ta cinye makiyaya, ta matse manomi da makiyayi a ɗan filin da ya rage, rigima kuma ta biyo baya. Duk buhun da aka raba bayan ambaliya biyan asara ne da za a iya rage ta tun daga tushe.

Tsofaffi su ne aka fi mantawa da su, kuma a kansu ne lalacewar kogi ta fi sauka. Za a ce ai al'adarmu da addininmu sun ɗora kula da iyaye a kan 'ya'ya, ba mu san gidan ajiye tsofaffi ba, kuma ba ma so. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma ɗa yana ciyar da uwa ne daga abin da ya noma ko ya kama. Idan gona ta nutse, kamun kifi ya mutu, saurayi sai ya tafi ci-rani Kano ko Legas ko Fatakwal, a bar tsoho da tsohuwa da jikoki. Tsohuwar da take saƙa tabarma da faifai da kabar goruba, ko take ƙyafe kifi tana sayarwa, sana'arta ma daga fadama take. Ranar ambaliya ita ce ba ta iya gudu. Ranar rabon kaya kuma, a filin da matasa ke turereniya, ita ce take zaune a gindin bishiya da sandarta, ba ta ji an kira suna ba, ko ta ji ba za ta iya ɗaukar buhu ba, wataƙila sunanta ma bai shiga takarda ba don an rubuta na maigida ne kawai, nata maigidan kuwa ya rasu. Maganin hawan jini da na ciwon suga da ruwa ya tafi da shi ba ya cikin kayan agaji. Jigawa tana da tarihin tallafin wata-wata, tun 2007 da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000, ƙasa kuma ta kafa cibiyar kula da tsofaffi ta tarayya wadda ta fara aiki a 2021. Abin da ya rage shi ne aiki a matakin unguwa: kowane mai unguwa da limami su riƙe sunayen tsofaffin da ba su da mai tsaya musu, a fara kwashe su da kwalekwale idan ruwa ya taso, a kai musu rabonsu har ɗaki, kwamitocin zakka na masarauta su sa su a gaba. Masarautar Haɗeja da ƙananan hukumominta 8 tana da hakimai da dagatai da suka san kowane gida, tsarin da babu wata ƙungiyar waje da za ta iya ginawa da kuɗi.

Akwai masu cewa mai jin yunwa ba zai jira a gyara kogi ba. Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a daina agajin gaggawa ba. Cewa nake kada ya zama shi kaɗai ne aikin, domin kuɗin da ake kashewa bayan ruwa ya ci gari, da an kashe wani kaso nasa tsakanin Janairu da Mayu wajen yashe hanyoyi da ɗaure jinga, da layin masu karɓa ya ragu. Akwai kuma masu cewa madatsun nan su ke shayar da miliyoyin mutanen Kano, su ke samar da shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa, don haka maganar fadama son kai ne. Wannan hujja tana da nauyi, babu kuma mai neman a rushe Tiga. Amma lissafin da Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka haɗa noma da su da itace, amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a fadama ya ninka na babban aikin noman rani na Kano sau da yawa, tun kafin a sa kiwo da ruwan rijiyoyi cikin lissafi. Abin da masana suka daɗe suna ba da shawara shi ne a tsara sakin ruwa yadda zai yi kama da ɗabi'ar kogin: a saki isasshe da damina a kan lokaci tare da sanar da jama'a, a rage na rani da ya wuce buƙata don hanyoyi su sha iska kacalla ta raunana. Wannan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin jihohi, kuma kuɗinsa bai kai na gina sabon abu ba.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne cewa an sha gwadawa. An kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru a 1987. A farkon shekarun 2000 shirin JWL da Birtaniya ta tallafa ya haɗa manoma da masunta da makiyaya suna aikin gayya na buɗe hanyoyin ruwa. A 2006 jihohin Bauchi da Borno da Filato da Jigawa da Kano da Yobe suka amince a Damaturu da kafa asusun amana na kula da kwarin wannan kogi. Dausayin Baturiya ya shiga jerin wuraren yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2008. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kusan dala miliyan 495, wanda ya gyara hanyoyin ban-ruwa a Kano da kwarin Haɗeja da Bakolori, a ƙarshen 2021 kuma ya amince da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 don jihohin Arewa. Duk da haka kacalla tana nan. To amma abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne inda aka buɗe hanya ruwa ya bi, gonaki sun dawo, kifi ya dawo. Abin da ke karyewa shi ne ɗorewa. Shiri yana da shekara biyar ko bakwai, kacalla kuwa kowace shekara take tofowa. Yashe kogi ya kamata ya zama layi na dindindin a kasafin Jigawa da Kano da Yobe kamar albashi, manyan injina su buɗe manyan hanyoyi, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su riƙe ƙanana, a biya matasan garin ladan aikin da rani maimakon su tafi ci-rani. Jama'a ma suna da nasu nauyin, domin manomin da ya fasa gaɓar kogi don ya ja ruwa gonarsa, da masuncin da ya gitta dumba ya tare hanya, suna ƙara wa na ƙasa da su wahala, kuma sarakunan ruwa da dagatai ne kaɗai za su iya tsawatarwa a ji.

Ga attajiri ko ƙungiyar da ke shirin kawo taimako ƙasar Haɗeja, lokacin zuwa shi ne da rani, wurin farawa kuma zauren dagaci. A tambayi wace hanyar ruwa ce ta toshe, famfo nawa ne suka tsaya da abin da ya tsayar da su, ina jinga ta yi rauni, tsofaffi nawa ne ke kwana su kaɗai. Amsoshin suna bakin mutanen garin, kuma yawancinsu ana iya yin aiki a kansu kafin ruwan Yuni ya sauka.